Baibul da bindiga a amalanke ɗaya: tambayoyi da amsoshi kan addinin Turawan Bowa a Afirka ta Kudu

Akwai wata magana da ake yawan yi, wai Bature ya zo da Baibul mu kuma muna da ƙasa, ya ce mu rufe ido a yi addu'a, ko da muka buɗe ido sai ga Baibul a hannunmu ƙasa a hannunsa. Maganar tana da daɗin faɗa amma in ka ɗauke ta ka kai ta Afirka ta Kudu za ka ga ba ta zauna daidai ba, don su Turawan can sun fi shekara ɗari ko Baibul ɗin ma ba sa son miƙa wa baƙar fata. Ga tambayoyin da aka fi yi min kan wannan.

Su waye Bowa ɗin, kuma me ya bambanta su da Turawan da suka mulke mu?

Boer suke rubutawa, ma'anarsa manomi da yaren Holan, jikokinsu ne ake ce wa Afrikaner yanzu. A 1652 wani kamfanin kasuwanci na Holan, VOC, ya turo Jan van Riebeeck ya kafa zango a Cape don jiragen ruwa masu zuwa gabas su riƙa tsayawa suna ɗiban ruwa da nama da ganye. Shikenan fa abin da ya kawo su, zango. A 1657 kamfanin ya sallami wasu ma'aikatansa ya ba su gonaki, daga nan sai kutsawa ciki, makiyayan Khoikhoi da suka tarar suna ta rasa makiyaya.

Bambancinsu da namu shi ne, Di'o ko Razdan a Kano ko Zariya aiki ya zo yi, in ya gama ya tattara ya koma Ingila ya ci fanshonsa. Su kuwa waɗannan 'yan kama-wuri-zauna ne, sun zo da mata, sun hayayyafa, sun binne iyayensu a nan, babu wani gida da za su koma. Wanda zai tafi haraji yake so a wurinka, wanda ba zai tafi ba gonarka yake so da ƙarfinka, kuma dole ya samo wa kansa da 'ya'yansa bayanin da zai sa su iya barci. Nan addini ya shigo.

Ke nan ba addini ne ya kawo su ba?

Mafi yawansu a'a. Shekara goma sha uku ma suka yi babu fasto zaunanne, sai wani ma'aikaci mai karanta addu'a yana duba marasa lafiya, sai a 1665 aka samu na farko. Waɗanda za a ce addini ya koro su su ne Furotestan ɗin Faransa da suka iso wajen 1688 bayan sarkinsu ya soke dokar da ke kare su a 1685, ba su fi ɗari biyu ba. Su ne asalin sunaye irin su du Plessis da de Villiers da Retief. Abin mamaki mutanen da suka gudu don a bar su su yi ibada yadda suke so, sun zo wurin da coci ɗaya tak aka yarda ta buɗe ƙofa, cocin Holan mai bin koyarwar Calvin. 'Yan Lutheran ma da suke Turawa 'yan uwansu sai da wani attajirinsu ya gina musu coci da sunan ɗakin ajiyar kaya, ba a ba su izini a fili ba sai wajen 1780.

To in ba wa'azi suka zo yi ba, wane aiki addinin ya yi musu?

Wannan ce tambayar da ta fi duka, don ni a ganina duk labarin yana cikinta. Addinin ya zama musu shinge. A farko ba ma cewa suke fari da baƙi ba, cewa suke Kirista da arne, kuma a bakinsu Kirista yana nufin Bature mai 'yanci wanda zai iya mallakar gona ya yi aure a coci ya ci gado. Har manoman cikin daji suna da kalma daban ga kansu, mutum, da kalma daban ga bayi da barori, wato halitta kawai.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Babban taron malaman cocinsu da aka yi a Dordrecht a 1618 zuwa 1619 ya nuna cewa bawan da aka yi wa baftisma ya cancanci 'yanci irin na sauran Kirista, bai kamata a sayar da shi ga arna ba. A 1770 hukumar kamfanin ta mai da shi doka, ba a sayar da bawa Kirista. Ka ga a takarda abu ne mai kyau ko? To ka sa kanka a matsayin mai gonar inabi a Stellenbosch da ya zuba dukiyarsa a bayi, bawa shi ne jarinsa, shi yake jinginarwa in zai ci bashi, shi zai bar wa 'ya'yansa, sai a ce maka ranar da fasto ya zuba masa ruwa a ka ranar kadararka ta daina sayuwa. Me za ka yi? Sai kawai suka daina kai bayi coci. Dokar da aka yi don ta kusantar da bayi ga Kiristanci ita ta nisanta su, har sai da Turawan Ingila suka soke ta a 1812 don ko iyayengiji sa saki jiki.

Kuma ko baftismar ba ta cika fisshe mutum ba. Akwai wata 'yar Khoikhoi, Krotoa, da ta taso a gidan van Riebeeck tana yi musu tafinta, aka yi mata baftisma a 1662 aka sa mata Eva, ta auri Bature a 1664. Da mijin ya mutu sai ta zama ba ta nan ba ta can, aka ƙwace 'ya'yanta, ta ƙare a tsibirin Robben inda ta rasu a 1674. Eh, tsibirin dai da aka tsare Mandela.

Babu wanda ya yi ƙoƙarin koya wa 'yan ƙasa addinin a lokacin?

Akwai, kuma korarsa aka yi. Georg Schmidt, ɗan mishan na ɗariƙar Morabiya, ya zauna da Khoikhoi daga 1738 a wurin da ake kira Genadendal yanzu, yana koya musu karatu. Da ya yi wa mutum biyar baftisma a 1742 sai limaman Cape suka tashi suka ce ba shi da hurumi, dole ya bar ƙasar. Manoma kuma haushinsu daban, yaya baransu zai iya karatu alhali da yawansu su kansu ba su iya ba. Sai bayan kusan shekara hamsin, a 1792, 'yan ɗariƙarsa suka dawo suka tarar da wata tsohuwa tukuf, Magdalena, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, ta fito musu da Sabon Alkawarin da ya ba ta, a naɗe cikin fatar tunkiya.

Ta yaya Musulunci ya shiga can tun zamanin?

Su da kansu suka kawo shi a jirgi ba da niyya ba. Bayin Cape ba 'yan yankin ba ne, an kwaso su daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indunusiya, sannan kamfanin yana da ɗabi'ar duk malami ko basaraken da ya dame shi a gabas sai ya jefo shi Cape. Haka aka kawo Shehu Yusuf na Makassar a 1694 da iyalansa da almajiransa, aka ajiye su nesa da gari don kar su haɗu da bayi, amma ina, wurin ya zama matattarar bayin da suka gudu. Ya rasu a 1699, har yau ana ziyartar hubbarensa. Sai Imam Abdullahi ɗan Alƙali Abdussalam daga Tidore, wanda suke kira Tuan Guru, da aka kulle a Robben a 1780, a can ya rubuta Alƙur'ani da ka, da ya fito ya buɗe makarantar allo a Cape Town, a nan aka samu masallacin Auwal a 1794, tun kafin a ba da 'yancin addini a hukumance a 1804.

Ka haɗa wannan da maganar baftisma ta sama. Bawa ya je coci an rufe masa ƙofa, ya zo wurin liman an ɗaura masa aure, an raɗa wa ɗansa suna, in ya mutu a yi masa wanka da sallah, ai ba sai an yi masa dogon wa'azi ba. Wasu iyayengijin ma har sun fi so, don bawa Musulmi yana sayuwa kuma ba ya taɓa giyar da aka ba shi ya kai kasuwa. Zuwa wajen 1840 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Cape Town Musulmi ne.

Abin da ni ya fi burge ni, yaren Afrikaans ɗin nan da daga baya aka mai da shi tutar fararen fata, cikin waɗanda suka fara rubuta shi har da waɗannan malamai, kuma da haruffan Larabci, ajami sak irin namu. Abubakar Effendi da Daular Usmaniyya ta turo musu ya rubuta littafin fiƙihu da shi, aka buga a Istanbul a 1877. Su Bowa a lokacin kallon yaren kicin suke masa, Baibul ɗinsu na Holan ne, ba su samu na Afrikaans ba sai 1933.

Wai gaskiya ne zagin da suke yi wa baƙar fata daga kalmar kafiri ya samo asali?

Gaskiya ne. 'Yan kasuwa Musulmi na gaɓar gabashin Afirka ke kiran waɗanda ba Musulmi ba da haka, Turawan Fotugal suka ji suka ɗauka sunan ƙabila ne, ya wuce zuwa 'yan Holan da 'yan Ingila, a ƙarshe ya zama mafi munin zagi a ƙasar. A 2018 har kotu ta ɗaure wata mata saboda ta yi ta jifan 'yan sanda da kalmar. In ka je can ka kama bakinka ko da ma'anar addini kake nufi.

Yaya ibadarsu take a cikin daji inda babu coci?

Uba shi ne liman. Da daddare bayan abinci a ɗauko ƙaton Baibul, sau da yawa shi kaɗai ne littafi a gidan, a bangonsa ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa, ya karanta sura a rera Zabura, barori suna tsugune ta bakin ƙofa. Sai kuma jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi a coci don tunawa da Almasihu, da ake yi sau huɗu a shekara, shi ne babbar sallarsu, iyali su ɗaura shanu a amalanke su yi tafiyar kwanaki su yada zango a filin coci, a nan ake baftismar yaran da aka tara, a ɗaura aure, a yi ciniki, samari su ga 'yan mata. Garuruwa da yawa a ƙasar haka suka kafu, coci aka fara ginawa gari ya biyo baya.

To mutumin da ke kiwon shanu da tumaki, yana ƙaura da iyali da bayi, kullum yana karanta labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu, ba wuya ya fara ganin kansa a cikin littafin. Matsalar ita ce in kai ne Isra'ila to dole maƙwabcinka ya zama Bakan'ane.

Me ya haɗa su rigima da 'yan mishan na Ingila, ba duk Kirista ba ne?

Ma'aikata, ba tauhidi ba. Ingila ta karɓe Cape a 1806, 'yan mishan na Landan kuwa tun kafin nan sun buɗe tashoshi irin Bethelsdorp inda Khoikhoi ke guduwa daga gonaki, har suka kai ƙarar manoma kan duka da kisa, a 1812 alƙalai suka zagaya suna sauraron bara yana ba da shaida a kan ubangidansa, abin da Bowa ba su taɓa yafewa ba. Shugaban 'yan mishan ɗin John Philip ya matsa har aka yi dokar 1828 da ta daidaita Khoikhoi da Turawa a gaban shari'a, sai kuma aka soke bauta a 1834, diyyar ma aka ce a Landan ake karɓa.

Daga 1835 dubbai suka ɗaure kaya suka yi arewa. Wata mata cikinsu, Anna Steenkamp, dangin jagoransu Piet Retief, ta rubuta a fili cewa ba 'yanta bayin ne ya fi ƙona musu rai ba, daidaita su da Kirista da aka yi ne, wanda a cewarta ya saɓa wa dokar Allah. Sai dai ga abin da ba a cika faɗa ba, cocinsu ba ta sa wa wannan hijira albarka ba, majalisarta ta 1837 ta yi tir da ita, babu fasto ko ɗaya na cocin da ya bi su.

Mene ne labarin bakancen da suka yi a Kogin Jini?

A Fabrairun 1838 Sarkin Zulu Dingane ya sa aka kashe Retief da mutanensa bayan sun je neman ƙasa, sannan mayaƙansa suka afka wa zangon iyalai suka kashe ɗaruruwa, har da barori baƙar fata masu yawa waɗanda labarin ya saba mantawa da su. A Disamba Andries Pretorius ya fito da mutum wajen 470, kafin yaƙi Sarel Cilliers ya ja su suka yi wa Allah bakance, in ya ba su nasara za su gina coci su riƙa tsarkake ranar. Ran 16 ga wata a bakin kogin Ncome, wanda daga baya suka sa wa suna Kogin Jini, suka jera amalanke 64 suka yi da'ira suka shige ciki da bindigogi da igwa, Zulu sama da dubu goma suka yi ta kawo hari da māsu, aka kashe musu kusan 3,000, su kuwa Bowa mutum uku ne kawai suka ji rauni. Suka ce mu'ujiza ce. Ni dai na ce mai bindiga a bayan katanga da mai mashi a fili ba sai an nemo mu'ujiza ba, amma wannan ra'ayina ne.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. An gina cocin a Pietermaritzburg, amma ranar kanta an yi shekaru ba wanda ya damu da ita sai ɗaiɗaiku. Sai da rigima da Ingila ta yi tsami wajen 1880 aka tono ta, sannan bayan yaƙin 1899 zuwa 1902 inda mata da yaransu sama da 26,000 suka mutu a sansanonin Ingila, ga talauci ga wulaƙanci, sai labarin zaɓaɓɓiyar al'umma ya samu kasuwa sosai. A 1938 aka sake taka hijirar da amalanke, maza suka bar gemu, a 1949 aka buɗe ƙaton ginin tunawa a Pretoria wanda aka tsara shi yadda duk 16 ga Disamba da rana tsaka haske zai ratso ta wata kafa a rufi ya sauka kan dutsen da ke tsakiya. Masana tarihi irin su André du Toit sun nuna cewa yawancin wannan aƙida daga baya aka ɗinka ta aka sanya wa kakanni. Kuma faɗin haka ba wasa ba ne, a 1979 farfesa Floors van Jaarsveld yana cikin lacca kan ranar sai ga 'yan ƙungiyar Bowa masu tsattsauran ra'ayi ta Eugène Terre'Blanche, suka shafe shi da kwalta suka zuba masa gashin kaji a gaban jama'a.

Yaushe aka fara raba coci, fari daban baƙi daban?

1857, kusan shekara casa'in kafin gwamnatin wariya. A 1829 majalisar cocin ta tsaya kan cewa jibin Ubangiji tare ake ci. A 1857 ta ce eh, abin da Littafi ya koyar ke nan, amma saboda raunin wasu an yarda a riƙa yi a gini daban. Raunin wasu fa, wato waɗanda ba za su iya shan ƙoƙo ɗaya da baransu ba. Sassaucin wucin gadi ya zama ƙa'ida, a 1881 aka kafa coci guda ta masu ruwa biyu, daga baya ta baƙaƙe, daga baya ta Indiyawa. Jamhuriyar Transvaal da Bowa suka kafa a arewa kuwa ba ta tsaya kwana-kwana ba, tsarin mulkinta na 1858 ya ce babu daidaito tsakanin fari da baƙi, a coci ko a hukuma. Firaministan da ya kafa wariya a 1948, D.F. Malan, tsohon fasto ne na wannan coci.

Da waɗanne ayoyi suke kafa hujja?

Manoman da, labarin Nuhu da ɗansa Ham, duk da cewa a nassin Kan'ana aka la'anta kuma babu maganar launi, da kuma mutanen da Joshuwa ya mayar masu saran itace da ɗiban ruwa. Malaman ƙarni na 20 sun ga wannan ya yi ɗanye da yawa sai suka koma hasumiyar Babila, wai Allah ne ya rarraba al'ummai don haka haɗa su saɓo ne.

Baƙar fata da suka karɓi Kiristanci fa, sun yi shiru ne?

Ina fa. Littafin da aka hana su shi suka juya. Makarantun mishan irin Lovedale su suka yaye mutanen da suka fara tsayawa, shugaban ƙungiyar gwagwarmayar baƙar fata ta ANC na farko a 1912, John Dube, fasto ne. Tun 1892 Mangena Mokone ya fice daga cocin Methodist saboda wariya ya kafa tasa. Su ma labarin Musa da Fir'auna suke karantawa, sai dai a nasu karatun Bature ne Fir'auna. Cikin Bowa ma an samu, Beyers Naudé babban fasto ne ɗan babban gida, bayan 'yan sanda sun kashe masu zanga-zanga 69 a Sharpeville a 1960 ya juya, ya rasa muƙaminsa, gwamnati ta yi masa ɗaurin talala shekara bakwai. A ɓangaren Musulmi Imam Abdullahi Haron ya rasu a hannun 'yan sanda a 1969 bayan kwana 123 a tsare, suka ce wai daga matakala ya faɗo. A 1982 ƙungiyar irin waɗannan coci-coci ta duniya ta ce wariya ɓata ce ta dakatar da cocin Bowa, a 1990 a Rustenburg farfesa Willie Jonker ya tashi ya nemi gafara a madadin cocinsa, Desmond Tutu ya ce an yafe, wasu a zauren suka ce ya yi gaggawa.

Akwai wata alaƙa da Najeriya?

Akwai guda da mutane ba su sani ba. Ita wannan coci ta Bowa ta turo 'yan mishan ƙasar Tibi a Binuwai daga 1911, suka yi shekara hamsin da makarantu da asibiti a Mkar, daga aikinsu cocin Tibi ta NKST ta fito, a 1961 suka miƙa wa 'yan Amurka suka tafi, lokacin Najeriya mai 'yanci ba ta da sauran haƙuri da Afirka ta Kudu. A masarautu kuwa labarin daban ne, Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 ba zai taɓa addini ba, aka taƙaita 'yan mishan, ba don son Musulunci ba sai don sarakuna su ci gaba da tara haraji lafiya. Babu Baturen da ke jiran gonar Bakano, don haka ba a bukaci a mai da shi Bakan'ane ba.

Yanzu 16 ga Disamba fa, an soke ta?

Ba a soke ba, suna aka canza mata. Da ma ANC da gangan ta zaɓi ranar a 1961 ta ƙaddamar da reshenta na yaƙi, don haka kowa yana da abin tunawa a cikinta, tun 1995 ake kiranta Ranar Sulhu. Wasu Afrikaner har yau suna taruwa a ginin Pretoria su jira hasken nan su maimaita bakancen. A Ncome kuwa amalanken tagulla 64 suna gefe ɗaya na kogin, gidan tarihin Zulu da aka gina daga baya yana ɗaya gefen, an yi gada a tsakani amma ƙofarta yawanci a kulle take.